Wakilinmu a Kwamitin Soket

Liao Chao-ming mijin yayata ne, kuma Turanci ne ya aurar masa da ita. Mahaifinmu, Pan Tien-ting, bai wuce firamare ba. Da injin buga ƙarfe guda ɗaya ya fara a bayan gidanmu da ke Shulin, a nan Taiwan, yana yi wa masu haɗa rediyo 'yan ƙananan haƙoran tagulla, har abin ya girma ya zama masana'antar Yu-pan da ke bakin kogi. Babu ƙarfen da yake ba Baba tsoro, amma da Bature ya buɗe baki a gabansa sai ya kama shafa ƙeya kamar wanda aka kama da laifi. Don haka ranar da Yaya Su-luan ta kawo wani dogon saurayi mai tsabtar farce, ta ce a Amurka ya yi karatu, Baba bai tambayi karatun me ba. Ya dai ɗauko takardar da ta zo cikin kwalin wani sabon inji daga waje, ya ce ya karanta. Ya karanta da ƙarfi yana lanƙwasa harshe. Babu wanda ya gane abin da ya karanta, ina zaton har shi kansa, amma kafin shekara ta zagayo an sha biki.

Ni Pi-yun, ƙanwar amarya, ina sakandare a lokacin. Na girma, na shiga masana'antar, na kama hulɗa da masu sayen kayanmu, duk a kan idona aka yi ta yawo da Liao ana neman inda za a ajiye shi.

An fara kai shi sashen ciniki. Duk mai sayen da ya zo ya faɗi magana, sai ya ce haka ne. Wani ya zo ya faɗi akasinta, sai ya ce ai shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan. Ya sha yi wa mutum biyu alkawarin kaya ɗaya, sai ranar ɗauka ta zo ya ce cikinsa na ciwo, ya bar ni da su a falo. Aka mayar da shi sashen duba inganci. Ya sa aka ɗinka masa farar riga irin ta likita, yana zagaya matan da ke duba haƙoran soket ƙarƙashin gilashi, hannuwansa a baya, yana gyaɗa kai. Idan aka kawo masa kayan da ake shakkarsu, ba zai ce a zubar ba, ba zai ce a aika ba. Kwalaye suka taru a hanya har mutane suna wucewa a karkace. Baba ya ga abin da idonsa, amma surukinsa ne, kuma Yaya tana da ciki.

Kwamiti ne ya cece mu daga shi, ko kuwa haka muka zata.

Sana'armu soket ce, ɗan bakin nan mai jerin haƙora masu ruwan zinari da ake cusa ma'ajiyar kwamfuta a ciki, irin ma'ajiyar zamani da ba ta da faifai mai juyawa. Wanda ya ƙera ma'ajiyar yana Koriya, wanda ya yi allon da za a ɗora ta yana Taoyuan, mu muna Shulin, kuma dole kayan su shiga juna daram ko da ba mu taɓa gaisawa ba. Shi ya sa kamfanoni suka kafa kwamitin da ke yanke ƙa'ida: tsawon haƙori, tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, inda za a tsaga baki don kada a cusa ma'ajiya a juye. Kowane kamfani kujera ɗaya da ƙuri'a ɗaya, babba ko ƙarami. Baba ya daɗe da yankar mana kujera, amma a banza take, don babu wanda zai iya wuni yana sauraron Turanci. Aiki ne da ba ya neman komai sai zama da gyaɗa kai. Kamar don Liao aka ƙirƙire shi.

Ya yi shekaru goma sha wani abu a kujerar nan. Yau yana Kalifoniya, gobe yana Osaka, jibi yana wani otal a Jamus. Yakan dawo da igiyar rataya katin suna a wuya, har cikin jirgi ba ya cire ta, da hotunansa a tsaye a gefen manyan mutane, kullum a ƙarshen layi, wani lokaci rabin kafaɗarsa ma ba ta fito ba. Wani injiniya daga kamfanin da ke sayen kayanmu, wanda shi ma yake zama a kwamitin, ya taɓa ba ni labarin yadda yake jefa ƙuri'a. Ya ce idan an ce a ɗaga hannu, Liao yakan fara sosa kunne, yana satar kallon ɗakin. Idan hannuwa sun yi yawa sai hannun da ke kunne ya ƙarasa sama, idan ba su yi ba sai ya ci gaba da susa. Ya ce a duk zaman da suka yi tare sau ɗaya ya ji muryarsa a lasifika, ranar da ya nemi a ƙara tsawon hutun shan shayi. Wannan labarin mu ma mun san shi, amma ta wata fuskar: ya dawo ya faɗa wa Baba cewa ya gabatar da ƙuduri kuma ya wuce babu hamayya. Baba ya sa aka yanka agwagwa.

A gida kuwa ya zama masani. Komai ya ce "mu a kwamiti". In yarinya ta jona tukunyar dafa shinkafa sai ya tashi ya duba yadda filogin ya shiga, ya girgiza kai. Ya daina cin awara mai wari a bakin titi, wadda a da yakan aike ni sayo masa, wai cikinsa ya saba da abincin otal. Wata rana muna cin taliya da romon naman shanu a gidan Baba, yana ta zuba a kan yadda suka sha wahala kafin su daidaita wata ƙa'ida, na kasa haƙuri. Na ciro soket ɗaya daga aljihun rigar aikina na ajiye kusa da kwanonsa.

"Mijin Yaya, a cikin haƙoran nan wanne ne naka? Nuna mini shi in riƙa gaishe shi da safe."

Ya yi murmushin nan nasa na tausaya wa jahili. "Ƙanwata, ke sayar da kaya kika sani. Mu can muke, inda ake yanke yadda kayan za su kasance."

Yaya ta ce in ƙyale shi ya ci abinci, bawan nan ya sha hanya. Ta ƙara masa nama daga kwanonta.

Ban damu ba. Gaskiya duk mun gwammace ya yi ta shan hanya. Yana kawo mana daftarin ƙa'ida kafin ya fita kasuwa, injiniyoyinmu su karanta su shirya, wannan kuwa ko ɗan aike zai iya. Masana'anta ta yi lafiya muddin yana cikin jirgi.

Sai maganar sabon zubi ta taso. Manyan rumbunan bayanai suna son ma'ajiya mai ninka saurin ta da, kuma a wannan saurin tsohon soket ba ya aiki. Saƙon da ke bi ta haƙori ɗaya sai ya riƙa tsallakawa zuwa na kusa da shi, kamar maƙwabtan da ke jin hirar juna ta bango, har bayanin ya cakuɗe. Kwamiti ya rabu biyu kan magani. Wasu suka ce a gajarta haƙoran sosai a sake musu jeri, aka riƙa ce musu 'yan Gajere. Jagorarsu wata Ba'amurkiya ce, Mis Dreyer, daga wani katafaren kamfani. Wasu suka ce a bar jerin kusan yadda yake, a sa siririyar garkuwar ƙarfe tsakanin haƙora, aka riƙa ce musu 'yan Garkuwa. Jagoransu wani dattijon Bajapane ne mai suna Kuramochi. Rigimar ta yi zafi har manyan kamfanoni suka raba kansu kusan daidai wa daida. Daga nan sai aka fara lissafin ƙananan kujeru. Bayan shekaru ana wuce shi a hanyar banɗaki ba a gaishe shi ba, sai ga Liao ya zama mutum.

Kuramochi ya zo Taipei da kansa, ya kai shi wanka a ruwan zafi na Beitou, ya zuba masa giya da hannu biyu. Ya kuma zo masana'anta ya rusuna wa Baba, ya ɗauki wani ƙarfe da Baba ya buga da hannunsa shekarun baya ya daɗe yana jujjuya shi, ya ce aikin garkuwar nan sai irin wannan hannun. Ba ƙarya ya yi ba. Buga siririn ƙarfe shi ne abin da muka fi kowa iyawa a duk bakin kogin nan. Idan Garkuwa ta ci, mu ne a gaba. Idan Gajere ta ci, aikin ya koma hannun masu manyan injinan zuba roba, mu kuma sai mu bi baya.

Liao ya zauna da Baba a ofis, ni ma ina nan, ya lissafo kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, wane na nan, wane na can. Na tuntuɓi masu sayen kayanmu a asirce, na tarar lissafinsa daidai ne, abin da ya ba ni mamaki. Garkuwa za ta ci, amma da ƙyar. Baba ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya dafa ƙirji ya ce ƙuri'ar da za ta raba gardama a hannunsa take, Baba ya kwantar da hankalinsa. A sana'armu wanda ya riga ya sassaƙa mazubin ƙarfe kafin ƙa'ida ta fito shi ke kwashe ciniki, don sassaƙar tana cin watanni. Baba ya je haikalin unguwa ya kunna turare, ya dawo ya sayar da gonar da ya gada a Yunlin, wadda yake cewa can zai koma ya shuka gyaɗa in ya tsufa. Aka sayo sababbin injina, aka ɗauki ma'aikata, aka ware hawa guda na benen masana'anta don soket mai garkuwa. Samfurin farko da ya fito, da aka gwada shi, saƙo ya wuce tas. Baba ya sa shi a aljihun gaba yana yawo da shi yana nuna wa kowa, har mai sayar da shayi.

Duk mun ƙirga ƙuri'un da ake shakka. Babu wanda ya yi tunanin ya sa tamu a ciki.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya shi ne, a taron da aka yi a Amurka kafin na ƙarshe, Mis Dreyer ta zaunar da Liao a teburinta, ta kira shi da sunansa a gaban mutane, ta ce kwamiti na bukatar mataimakin shugaba daga Asiya, mutum mai natsuwa da dogon zama. Shi kuwa ya ce mata haka ne, ai shi ma tuntuni yana ganin gajeren haƙori ya fi. Ban yi imani ya yi niyyar cin amanar kowa ba. Cin amana ma tana bukatar a yanke shawara. Kawai dai mace mai iko ta kalle shi ta yi magana, bakinsa ya yi abin da ya saba.

An yi taron yanke hukunci a Taipei, a wani otal kusa da filin baje koli, ana ruwa tun safe. An yarda baƙi daga kamfanonin da ke da kujera su zauna a baya. Baba ya sa kwat ɗin da ya sa ranar bikin Yaya, ta ɗan matse shi a ciki, ya ce in zo in riƙa fassara masa. Muka zauna a layin ƙarshe kusa da teburin kofi. Liao yana can gaba da katinsa a wuya. Da ya hango mu ya ɗaga hannu kamar mai gaida jama'a daga mota, amma na lura fuskarsa ta yi fari.

Wannan karon ba ɗaga hannu aka yi ba. Saboda girman maganar aka ce za a kira kamfani ɗaya-ɗaya bisa jerin haruffa, wakili ya faɗi matsayinsa a lasifika. Ƙudurin Garkuwa aka fara kawowa. Dokarsu ita ce idan bai sami adadin masu cewa e da ake bukata ba, ya faɗi, a ci gaba da daftarin Gajere. Sunanmu da harafin Y ya fara, don haka mu ne na ƙarshe. Aka yi ta kira, wannan ya ce e, wancan ya ce a'a. Baba yana ƙirgawa da yatsu a kan gwiwarsa, ko fassara bai nema ba, don waɗannan kalmomi biyun ya san su. Da aka zo kanmu kowa a ɗakin ya san saura e ɗaya.

Sakatare ya kira Yu-pan. Kuramochi yana zaune a dama, ya haɗa hannuwa a kan tebur yana kallon Liao cikin natsuwa. Mis Dreyer tana hagu, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya tana masa murmushi. Liao ya kalli dama, ya kalli hagu. Hannunsa ya tafi kunne, amma babu hannuwan da zai leƙa. Ya sha ruwa. Ya ja lasifikar kusa, ta yi ƙara, ya mayar da ita. Sakatare ya sake kiran sunanmu. Sai ya yi magana, da Turancin nan mai lanƙwasa, a hankali, doguwar jimla, ya ce kamfanin Yu-pan yana girmama dukkan ɓangarorin biyu, kuma a wannan mataki ya ga ya dace ya janye daga jefa ƙuri'a.

Baba ya taɓo ni. "Me ya ce? Ban ji e ba."

"Ya ce ba mu da ra'ayi, Baba."

"Mu?"

"Mu."

Baba ya cire hannunsa daga gwiwa, ya sa a aljihun gaba, ya bar shi a can. Shugaban taro ya sanar ƙuduri ya faɗi, 'yan Gajere suka tafa kaɗan, irin tafin masu kunya, aka tashi shan shayi.

A waje Kuramochi ya zo ya tsaya gaban Baba ya rusuna ƙasa sosai, ya daɗe a haka, ya miƙe ya wuce ta gefen Liao kamar ya wuce tukunyar fure. Mis Dreyer ta dafa kafaɗar Liao tana tafiya, ta gode masa, ta kira shi Mista Lin, har ta manta sunansa. Shi kuwa ya iso wurinmu da kofin shayi a hannu, har da ɗan biskit a gefe, ya fara bayani tun ba a tambaye shi ba. Ya ce a irin wannan wuri sai da dabara. Ya ce ƙaramin kamfani ba ya yin gaba da manya. Ya ce ya bar mana ƙofa a buɗe ta kowane ɓangare, nan gaba za mu gane hikimar abin. Baba yana kallon bakinsa kawai. Sai Liao ya rage murya.

"Baba, ai ban ce a'a ba."

Baba ya ce, "Na sani. Ba ka ce komai ba."

Ya fita cikin ruwan ba laima. Na same shi a tsallaken titi a gaban wata rumfa ya sayi goron binlang yana tauna, abin da likita ya hana shi tun ina yarinya. Jan miyau ya ɗiga a kan kwat ɗin bikin. Na tsayar mana da tasi.

Mazuban nan ba su taɓa yin aiki ba. Ƙarfe ne da aka sassaƙa don abu ɗaya, ba ya zama wani abu. Muka lulluɓe su da leda a hawan da aka ware, injinan da za a iya sayarwa aka sayar, sababbin ma'aikata aka sallame su, wasu ma ko rigar aikinsu ba ta koɗe ba. Ni na riƙa kiran su ɗaya-ɗaya ina faɗa musu, don Baba ya kasa, Liao kuma yana Osaka. Cinikin sabon soket ya tafi wani kamfani a tsallaken kogi. Mu muka koma yin tsohon zubi, irin wanda ake sa wa kwamfutoci masu araha, muna rayuwa da abin da manya suka raina. Mataimakin shugaban kwamiti kuwa wani Bakoriye aka ba.

Yaya ta zo ta same ni a ofis ta rufe ƙofa. Na zata kuka za ta yi ko ta ba da haƙuri. Sai ta ce an matsa wa mijinta lamba fiye da kima, kowa ya san shi mutum ne mai taushin zuciya, laifin na waɗanda suka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne. Ta ce kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Na ce mata na gan shi jiya yana cin haƙarƙari a shagon kusurwa, da ƙari. Ta ce ban taɓa son sa ba. Na ce wannan kam gaskiya ne. Muka yi watanni ba ma magana sai a gaban Baba.

Ƙarshen shekara ya zo, lokacin liyafar da maigida ke yi wa ma'aikata kafin hutun Sabuwar Shekara. Na ce a fasa, Baba ya ce tun da ya kafa Yu-pan bai taɓa fasawa ba. Aka kafa rumfa a harabar masana'anta, teburan ba su kai rabin na bara ba. A al'adarmu akan kawo dafaffiyar kaza da kanta a babban tebur, kuma duk wanda maigida ya juya kan kazar ya kalla, ya san aikinsa ya ƙare. Yanzu mutane sun mayar da abin wasa, wasu masu abinci ma cire kan suke yi don kada a sami rigima. Baba ya aika wa mai dafuwa cewa a bar kan.

Da aka ajiye farantin, hira ta mutu har a teburan nesa. Tsofaffin masu buga ƙarfe, waɗanda suka fara da Baba tun a bayan gida, suka ajiye tsinken cin abinci suna kallo. Liao yana zaune a hagun Baba, yana ba wani baƙo labarin sanyin Jamus, shi kaɗai ne bai lura ba. Yaya ta riƙe gefen tebur. Baba ya miƙa hannu ya kama bakin farantin ya fara juyawa a hankali. Kan kazar ya wuce ni, ya wuce babban injiniya, ya zo daidai Liao, farantin ya ɗan tsaya. A nan ne ma Liao ya ɗago. Sai Baba ya ƙarasa juyawa har bakin kazar ya kalli ƙirjinsa shi kansa.

Yawanci in maigida ya yi haka ma'anarsa ba a kori kowa ba, akan yi tafi. Wasu sun fara tafin. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da su, ya miƙe da kofinsa. Ya ce mutumin da ya tura wakili shi ke da alhakin abin da wakili ya faɗa, da wanda bai faɗa ba. Ya ce shi ya zaɓi mutum don ya iya karanta takardar da shi bai iya ba, bai taɓa tambayar kansa ko mutumin na iya faɗin abu ɗaya ya tsaya a kai ba. Daga bayan hutu, in ji shi, Pi-yun ce za ta riƙe masana'anta. Ya shanye kofin ya zauna.

Liao ya fi kowa tafi. Ajiyar zuciyarsa har teburin baya an ji. Da ya ga babu wanda ya taɓa kazar, sai ya miƙa tsinkensa ya ɗauki cinya.

Abin da na fara yi bayan hutu shi ne karɓe kujerar kwamiti. Na ba wata injiniyarmu mai gajeren Turanci da taurin kai. Na ba Liao ofis a hawan da ke da mazuban nan masu leda, da tebur da tukunyar shayi, da sunan babban mai ba da shawara, saboda Yaya da 'ya'yanta. Ban taɓa hawa neman shawarar ba.

Bai daɗe a can ba. Kwamitin ya ga yana bukatar wanda zai riƙa gyara lafazin daftari, waƙafi da manyan haruffa, aikin sa kai da kowa ke gudu, kuma ana son wanda ba ya cikin kowane ɓangare. Wani ya tuna da mutumin nan na Taiwan da bai goyi bayan kowa ba ranar da aka fi zafi. Suka aiko masa. Yanzu sunansa yana shafin godiya na ƙa'idar sabon soket, wadda ta hana mu ciniki, cikin ƙananan haruffa kusa da ƙasa. Ya sa an buga shafin an yi masa firam. Wata kwalejin fasaha a Taoyuan takan gayyace shi ya yi wa ɗalibai jawabi kan yadda ake sasanta manyan kamfanoni, kuma an ce yana cika awa guda cur.

Baba yana zaune a tsohon gidanmu na Shulin. Ya jera tukwanen roba a kan rufi ya shuka gyaɗa a ciki, ba ta yin 'ya'ya sosai, amma yana hawa kullum ya ba ta ruwa. In an yi taron iyali Liao yakan zo da wuri, ya zuba masa shayi da hannu biyu, ya tambaye shi jiki. Baba yakan karɓa ya ce da sauƙi. Ni kuma in ya ce "Ƙanwata, ya kasuwa?" nakan ce tana nan, in tashi in taya Yaya wanke kwanuka.